Sulke da garkuwa, amma kowane dodo sai ya sare shi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu biyar ne muke zaman wasan Dungeons & Dragons (wasan da kowa ke riƙe jarumi ɗaya a cikin labari, jagora kuma ya riƙe dodanni) duk Asabar bayan La'asar a nan Mabera, Sakkwato, ni ne jagoran wasan. Littafin 'yan wasa na gwanjo ne, wani yayanmu ya zo mana da shi, na dodanni kuma a waya aka tura mani. Kullum jarumai suna mutuwa tun a faɗan farko. Abokina mai mayaƙi sanye da sulke da garkuwa, lambar kariyarsa 2, ya ce maguɗi nake yi, har ya daina ɗaukar wayata. Wani da ya riga mu fara wasan ya ce littattafan duk ɗaya ne, mu ne ba mu iya ba. Don Allah mi za ni yi kafin zaman ya watse?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba ka yi maguɗi ba. Shi ma abokinka da gaskiyarsa, an cuce shi, amma lissafi ne ya cuce shi. Lambar nan 2 da ka ambata ita ta tona asirin komai. Ɗauko littafin gwanjon ka duba bangonsa. Za ka ga tambarin kamfanin TSR da kalmar Advanced, a ciki kuma za ka yi ta cin karo da THAC0, wato lambar da ke auna iya saran mai kai hari. Wannan bugu na biyu ne, na 1989. Na wayarka kuwa, idan a gaban farmakin kowane dodo akwai alamar ƙari, kamar +4, kuma kamfanin Wizards of the Coast ne ya buga shi a 2014, bugu na biyar ne. Shekara 25 ke tsakaninsu.

A tsohon bugun, lambar kariya ƙasa take yi. Mutum ba sulke yana da 10, sulken ƙarfe ya kai shi 3, garkuwa ta sauko da shi 2. Ana ɗebe lambar kariya daga THAC0 na mai kai sara, abin da ya rage shi ne mafi ƙarancin abin da dais (ƙwayar jefawa irin ta ludo) mai fuska ashirin zai nuna. Goblin, wani ƙaramin dodo, a wancan bugun THAC0 ɗinsa 20 ne, don haka sai ya jefa 18 ko sama kafin ya taɓa mayaƙin abokinka. Sau 15 ke nan cikin ɗari. A bugu na biyar lambar sama take yi: ka jefa dais, ka ƙara lambar farmaki, in ta kai lambar kariya sara ya shiga. To kai ka ɗauko goblin mai +4 ka tsayar da shi gaban mai lamba 2. In ban da ya jefa 1, babu yadda za a yi ya kuskure. Sau 95 cikin ɗari. Wato a zamanku, duk wanda ya fi kashe kuɗi kan sulke shi ya fi zama tsirara. Ka je har gida ka nuna wa abokinka wannan lissafin a takarda, ka dawo masa da jaruminsa da rai, don mutuwar ba ta halatta ba.

Yanzu bari in zo kan maganar wancan gwanin naku, domin ita ce cutar da ta fi kashe zaman wasa, kuma kusan kullum sai an turo ta da wata sabuwar riga. Wai duk ɗaya ne, sabon bugu gyaran kuskuren ɗab'i ne kawai. Wannan magana ba ta da tushe. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, an sha rushe dokokinsa a sake gini: Advanced daga 1977 zuwa 1979, bugu na biyu a 1989, na uku a 2000 bayan Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, sai 3.5 a 2003, na huɗu a 2008, na biyar a 2014. Abin da ke ruɗa mutane shi ne sunan littafin bai canza ba, kowanne Player's Handbook aka rubuta a bangonsa. Amma ai Boxer da Jincheng duk babur ake ce musu, kuma ba bakaniken da zai cusa fistin ɗin wannan a injin wancan.

Wani zai ce maka abu mai sauƙi ne, ka ɗebe tsohuwar lambar daga 20, sai 2 ta koma 18. Haka ne, wannan dabarar tana aiki, amma rami ɗaya ta toshe. Ko da 18 ɗin, goblin mai +4 yana buƙatar 14 ne kawai, sau 35 cikin ɗari, ya ninka abin da tsohon littafin ya tsara har da ɗori. Sannan dubi mai sihirinku. A bugu na biyu yana farawa da makin rai 1 zuwa 4 da tsafi ɗaya tak a yini. Takobin goblin na bugu na biyar tana cin 3 zuwa 8, domin an auna ta ne da mai sihirin da ke farawa da maki 6 har da ƙarin ƙarfin jiki, da gurbin tsafi biyu, da ƙananan tsafi uku da ba sa ƙarewa. Sara ɗaya, naku ya kwanta.

Ba a nan ta tsaya ba. Jifan tsira, wato jefa dais don jarumi ya kuɓuta daga bala'i, a bugu na biyu kashi biyar ne, an raba su bisa irin bala'in: guba ko shanyewar jiki, sandar tsafi, zama dutse, numfashin dodo, da tsafi. A na biyar kuwa an ɗaura su a kan siffofi shida na jarumi, irin su ƙarfi da zafin nama. Idan littafin wayarka ya ce a yi jifan tsira na zafin nama a kan 13, ɗan wasanka zai duba takardarsa sama da ƙasa bai ga wurin ba. Zagayen faɗa minti ɗaya ne a tsohon, daƙiƙa shida a sabon, ka ga duk tsafin da aka auna da zagaye ya rikice. Wanda zai fara kai hari, can dais mai fuska goma ne kuma ƙaramar lamba ke gaba, nan mai fuska ashirin ne kuma babba ke gaba. Hawa mataki na biyu, can mayaƙi sai ya tara maki 2,000, mai sihiri 2,500, ɓarawo 1,250, nan kowa 300 ne.

Ka ma yi sa'a da naka ya fito fili. Wanda ya haɗa 3.5 ko Pathfinder na 2009, wani wasa da aka gina a kan 3.5, da bugu na biyar ya fi ka shiga uku, domin duka lambobinsu sama suke yi, sai a yi watanni ba a gane ba. A 3.5 mayaƙi na samun ƙarin +1 a farmaki duk mataki har +20, alhali a na biyar ƙarin ƙwarewa daga +2 yake farawa ya tsaya a +6. Da farko kamar lafiya lau, a mataki na takwas ko goma sai ka ga dodo ya gagari kowa, ko kuma ya zama abin dariya.

Masu tura fayil a waya su ce maka "cikakke ne" ba su taɓa buɗe shafi na biyu ba. Su kuma masu cewa "jagora shi ne doka" duk lokacin da aka kama su, su ji tsoron Allah. Gaskiya ne jagora na da ikon yanke hukunci inda littafi ya yi shiru, amma wannan iko amana ce, ba mayafin rufe rashin karatu ba ne. Mutum ya ɓata yammacinsa yana gina jarumi, ka kashe masa shi da lambar da ba tasa ba, sannan ka ce shi ne bai iya ba?

Mafita ita ce ku zaɓi bugu ɗaya. Shawarata na biyar, saboda kamfanin da kansa ya saki Basic Rules, wato taƙaitattun dokokin wasan, kyauta tun 2014, da mayaƙi, ɓarawo, mai sihiri da malamin addu'a, daga mataki na 1 zuwa 20, har da dodanni. Ba sai ka biya kowa ba. Ka kai shagon kwamfuta a buga maka babin ƙirƙirar jarumi da na faɗa kawai, sauran ka bar shi a waya. Kada ku tsaya juya tsoffin takardu lamba bayan lamba. Kowa ya riƙe sunan jaruminsa da tarihinsa da kayansa, a sake cike lambobi daga farko. In kuma tsohon littafin ne ya kwanta muku, ba laifi, wasa ne mai daɗi, sai dai ku nemo abokan tafiyarsa: littafin jagora na 1989 da littafin dodanni Monstrous Manual na 1993.

Tsofaffin mujallu ma haka. Dragon ta fara fita a 1976, Dungeon a 1986, dukansu an daina buga su a takarda a 2007, kafin a haifi bugu na biyar. Don haka duk lambar da ka gani a cikinsu ba ta bugu na biyar ba ce. Ka ɗauki taswira da labari da makircin mugu, ka sauya dodon da takwaransa na littafinka.

Sai gyararren bugu na biyar da ya fito a 2024. Shi kam yana tafiya da labaran 2014 ba matsala, amma kowane jarumi a gina shi daga littafi ɗaya. A na 2014 ƙarin makin siffofi daga nau'in halittar jarumi yake zuwa, a na 2024 an mayar da shi kan asalin sana'arsa. Ɗan wasa mai wayo zai ɗauka a nan ya ɗauka a can ya ci sau biyu, don haka ka karɓi takardar kowa ka duba kafin a shimfiɗa tabarma.