Gyaran zanen gini a OpenStreetMap

Ka tambayi abin da ya sa gine-ginen da kake zanawa a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya gyarawa, suke fitowa a karkace. A manhajar iD, wadda ake zane da ita a shafin OpenStreetMap, ka kusanto da hoton tauraron ɗan'adam sosai, ka bi kusurwoyin rufin kawai, sannan ka danna harafin Q domin kusurwoyin su daidaita. Bukka mai zagaye kuwa harafin O ne nata. Kuskuren da na fi gani shi ne haɗa inuwa ko katangar gida da ginin, alhali kowane rufi zanensa daban. Kada ka kwafa daga taswirar Google, ƙa'idojinta sun hana. Idan hoton ya goce daga tituna, ka tuntuɓi gogaggen mai taswira kafin ka matsar da komai.