Rami mai ruwa a tsakiyar gona: kufan kagara ne ko na attajiri?

Tambaya: Malam, ina karatu a Ingila. Na fita yawo wani ƙauye a Suffolk sai na ga faffaɗan rami mai kusurwa huɗu, cike da ruwa, ya kewaye wani fili da babu ko kango. Mutanen wurin sun ce mini kagarar yaƙi ce ta sarakunan da. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya. Mutanen ƙauye a ko'ina suna son a ce kufansu na sarauta ne.

An san irin waɗannan wurare kusan 6,000 a Ingila, kuma an fi haƙa su tsakanin 1250 da 1350, musamman a tsakiya da gabashin ƙasar, inda yumɓu ke riƙe ruwa. Suffolk da Essex ne sahun gaba. Akasari gidajen masu filaye ne, da manyan manoma, da malaman coci. Ramin yana tsane danshin gida, ana kiwon kifi a ciki, yana kuma ba ɓarawon dare wahala. Amma a ganina babban aikinsa nuna isa ne: duk wanda ya biyo hanya ya san maigidan ya fi ƙarfin talaka. Mayaƙa kuwa, ko kaɗan ba zai tsare su ba.

Idan ka koma, dubi inda aka kai ƙasar da aka haƙo. Kagarun da Normawa, mutanen Normandy ta arewacin Faransa, suka yaɗa bayan sun ci Ingila a 1066 tudu ake tarawa mai tsayi, a ɗora hasumiyar katako a kai, a ƙasa kuma a yi farfajiya mai ganuwa da shinge. Galibi suna gadin hanya ko mashigar kogi. Filin gidan attajiri kuwa a shimfiɗe yake, kusan daidai da gonakin da ke kewaye.

Sai dai ido yakan yi kuskure. Je ka Burwell a Cambridgeshire. Za ka ga fili mai kusurwa huɗu da ƙaton rami, ka rantse gidan mai kuɗi ne, alhali kagara ce ta gaske. Sarki Stephen ya fara ta wajen 1143, lokacin yaƙin basasarsa da Matilda, wadda ke ja da shi kan gadon sarauta, don ya taka wa ɗan tawaye Geoffrey de Mandeville burki. Har gidajen talakawa aka danne don aikin. A 1144 Geoffrey ya kawo hari, kibiya ta same shi, raunin ya zama ajalinsa. Da abokin gaba ya kau, sai aka watsar da ginin. Har yau tarin ƙasar da ba a kwashe ba yana nan a gefen ramin. Labarin da marubutan wancan zamani suka bari ne ya raba gardamar.

Kafin ka tsallaka shinge, nemi izinin mai gonar. Yawancin wuraren nan a hannun manoma suke, kuma tono ko bi da na'urar gano ƙarfe a wurin da doka ta keɓe laifi ne idan babu izinin hukuma.