Salmon ba ya cin abinci a kogi, to yaya ake kama shi da fatsa?

Tambaya: Malam, na ji an ce kifin salmon yana daina cin abinci da zarar ya baro teku ya shigo kogi. To da me masu zuwa Alaska suke kama shi, kuma mene ne amfanin biyan jagora?

Amsa: Abin da ka ji haka yake. Salmon na tekun Fasifik ƙwai yake zuwa sakawa, daga nan ya mutu. Shi ya sa dabarar kama nau'in sockeye, wanda ke cika Kogin Kenai na Alaska a watan Yuli, ba ta koto ba ce.

Sockeye yana bin gefen gaɓa, kusa da ƙasan ruwa, yana buɗe baki yana rufewa. Sai a ɗaura dalma a igiya, a bar tazarar kamar mita ɗaya tsakaninta da ƙugiya. Ba a jifa da nisa. Kana tsaye cikin ruwa, ka wurga kaɗan ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa, ka bar ruwa ya gangaro da igiyar har ta ratsa bakin kifin, sannan ka ja gefe. Nauyin dalma shi ne komai: in ta yi nauyi ta maƙale a duwatsu, in ta yi sauƙi igiyar ta wuce ta saman kifin. Wadda ta dace za ka ji tana taɓa ƙasa jifa-jifa. Kifin da ƙugiya ta kama a baya ko a wutsiya kuwa, doka ta ce a sake shi.

Trout, wani kifi da ke cikin kogin, daban ne, shi mayunwaci ne. Yana bin bayan salmon yana tsintar ƙwai, don haka ake sa masa ɗan ƙwallon roba mai launin ƙwan, kuma in an kafe shi a igiya kada ya wuce inci 2 daga ƙugiya. Sabon ƙwai jawur yake, wanda ya kwana biyu a ruwa ya koɗe. In ka kuskure launi, sai ka wuni ba ko taɓi.

Nan jagora yake cin kuɗinsa. Ya san inda kifi ke bi a ranar, yana da kwale-kwale, yana sa ido kan dabbar beyar da ita ma kifin ya kawo ta. Sannan dokoki na sauyawa a tsakiyar kakar kamun kifi. Kenai ne ya ba da babban salmon na nau'in king mai kusan kilo 44 da Les Anderson ya kama a 1985, amma a 'yan shekarun nan an sha rufe kamun wannan nau'in saboda ya ragu. Ka sayi lasisi kafin ka shiga ruwa, kuma kada ka zo da takalmin ruwa mai tafin ulu, Alaska ta hana shi tun 2012.