Me ya sa ƙasashe ke ƙera furosesa nasu don manyan kwamfutoci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce China da Japan suna kashe maƙudan kuɗi wajen tsara furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi) na kansu domin manyan kwamfutocin bincike. Tunda kamfanonin Amurka irin su Intel da Nvidia suna sayarwa, me zai hana su saya kawai su huta?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai da sayen suke yi. Kwamfutar Tianhe-2 da ke Guangzhou, wadda ta riƙe matsayin mafi sauri a duniya daga 2013 zuwa 2015, da furosesan Intel aka haɗa ta. Sai a 2015 gwamnatin Amurka ta hana Intel sayar wa wasu cibiyoyin China irin waɗannan kayan, bisa zargin ana amfani da su wajen lissafin makaman nukiliya. Nan Sinawa suka gane cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Shekara guda bayan haka, a watan Yunin 2016, kwamfutar Sunway TaihuLight da ke birnin Wuxi na China ta zo ta ɗaya a TOP500, jerin kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya. Furosesanta SW26010 ne, ƙirar gida, guda 40,960, kuma tana lissafi tiriliyan dubu 93 a daƙiƙa ɗaya. Ka san irin waɗannan na'urori ba don ado ake ajiye su ba: da su ake hasashen yanayi, da gwajin magunguna, da tsara jiragen sama da makamai. Ƙasar da ta dogara da wani a nan, ranar da aka saɓa sai a rufe mata ƙofa.

Japan kuwa ba takunkumi ya tura ta ba. So take furosesan ya dace da aikin masu bincikenta, kuma gwanintar kada ta mutu a gida. Kamfanin Fujitsu da cibiyar bincike ta RIKEN suka tsara furosesan A64FX, suka gina kwamfutar Fugaku a birnin Kobe, ta zo ta ɗaya a 2020.

Sai dai akwai abin da labarai ba sa yawan faɗa. Tsara furosesa daban, ƙera shi daban. A64FX a kan tsarin kamfanin Arm na Ingila aka gina shi, kuma a masana'antar TSMC ta Taiwan aka buga shi. Injinan da ke zana mafi ƙanƙantar layuka a jikin cip (ɗan ƙaramin faifan da furosesa ke ciki) kuma kamfani ɗaya ne tak ke yin su, ASML na Holand. Don haka idan ka ji an ce "na gida", ka tambaya wane ɓangare ne na gidan.

China ta ɗanɗana wannan a 2021, lokacin da Amurka ta sa kamfanin Phytium na China mai tsara furosesa, wanda TSMC ke buga wa cip a lokacin, cikin jerin waɗanda aka haramta wa fasaharta. A 'yan shekarun nan ma China ta daina kai sabbin manyan kwamfutocinta a auna su a TOP500.