Amsa: Ubuntu na mayar da ni shafin shiga

Malam, ka ce a kwamfutarka mai Ubuntu (wani nau'in manhajar Linux da ke gudanar da kwamfuta) kana sa kalmar sirri daidai, allon ya yi baƙi kaɗan, sai ya dawo da kai inda ka faro. Don Allah kada ka yi gaggawar goge kwamfutar, fayilolinka suna nan lafiya lau.

A shafin shigar, danna Ctrl+Alt+F3, baƙin allon buga umarni zai buɗe, ka rubuta sunanka da kalmar sirri. Ba za ka ga ko ɗigo ba yayin buga kalmar sirrin, haka yake, ci gaba kawai.

Fara da buga df -h, umarnin da ke nuna yawan wurin da ya rage a faifai. In ka ga 100% a layin /, faifan ne ya cika maƙil, tsarin ya rasa inda zai ajiye komai. Tawa ta taɓa yin haka, ashe bidiyon bikin ƙanwata ne suka cinye wurin. Buga sudo apt clean, ka rage manyan kayan Downloads da rm (umarnin goge fayil), amma ka karanta sunan fayil sau biyu, don rm ba ya mayarwa.

In akwai wuri, buga ls -l ~/.Xauthority don ka ga wa ke da fayil ɗin da ke ba ka izinin buɗe allonka. Ka ga root (asusun mai cikakken iko) ne mai shi, ba kai ba? Gyara da sudo chown $USER:$USER ~/.Xauthority, sannan sudo reboot.

In ya ƙi, faɗa mana ko katin hoton kwamfutarka (graphics card) na kamfanin Nvidia ne.