Tambaya da amsa: Esin ɗakin Inna, da wanda ke ɗigar ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Na gina wa mahaifiyata ɗaki ƙafa 12 sau 14, rufin kwano, ina son in sa mata esi mai gida biyu, wato mai injin ciki da na waje, kafin bazara. Mai shago ya ce mai ƙarfin doki ɗaya ya isa. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya saka maka da alheri. A lissafin takarda mai shago bai yi ƙarya ba: doki ɗaya yana ba da sanyi kimanin BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyin esi ne), doki ɗaya da rabi 12,000, doki biyu kuma 18,000. Sai dai takarda ba ta taɓa kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ka yi silin tukuna? In babu, da shi za ka fara, don kwano zai riƙa aiko da zafi kamar tanda, injin ya wuni yana gurnani a banza. In da silin, kuma rana ba ta dukan bangon da yamma, doki ɗaya zai ɗauka. In tana dukansa, ɗauki ɗaya da rabi. Kada son Inna ya kai ka ga doki biyu. Zai riƙa kunnawa yana kashe kansa, da damina ɗakin ya yi danshi. In da sola ko ƙaramin janareta za ka yi aiki, nemi esi mai inbata, shi ba ya fizgar wuta wajen tashi.

Tambaya: Malam, daga wajen Bichi nake. Esina ya rage sanyi, ƙanƙara na kama bututun, ruwa na ɗiga a kan katifa. Sau biyu mai gyara yana ƙara gas.

Amsa: Hajiya, gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa. Zagayawa yake cikin bututu a rufe, in ya ragu to yoyo ake, galibi a mahaɗar bututun. A shafa kumfar sabulu a nemo wurin, a toshe, sannan a ƙara irin wanda aka rubuta a jikin injin waje, kamar R32 ko R410A, kada a gauraya.

Amma kafin ki kira kowa, kashe esin, ɗaga murfin injin ciki, ki zaro ragar nan biyu masu tace ƙura. Bayan hunturu za ki same su da ƙura kamar bargo. Iska ta kasa wucewa, ƙanƙara ta taru, in ta narke sai kan katifa. Wanke su da ruwa, su bushe a inuwa, duk sati biyu. Sannan a leƙa bakin tiyon da ke fitar da ruwa waje. Na taɓa samun zanzaro ya yi gininsa a ciki, tsinke ɗaya ya gama aikin.