Wa ke tallafa wa mai jinya a Ingila?

Hajiya, kin tambayi yadda muke yi da mai ciwon ajali a nan, inda babu gidan gandu, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Da takarda muke farawa. Idan likita ya ga mai yiwuwa mara lafiya ba zai wuce wata 12 ba, sai ya cike fom ɗin SR1, kuɗin tallafinsa ya fito da wuri. A nan mutanenmu ke tuntuɓe: kunya da tawakkali kan hana mu karɓar wannan magana, a ce ai rai na Allah ne. Gaskiya ne, amma jinkirin kan ci makonni, kuma alawus ɗin da gwamnati ke ba mai jinya (mai kula da mara lafiya) ba ya fitowa sai mara lafiyan na karɓar nasa.

Daga nan shekarun mai jinya ne ke raba hanya. Magidanci ko matar aure da ke jinya awa 35 a mako na samun fam 83.30 duk mako a kuɗin 2025, muddin abin da ya rage na albashinsa bai haura fam 196 a mako ba. Ya haura ko da fam ɗaya, na makon ya tafi, kuma a biyo shi bashi. Wanda bizarsa ta hana shi kuɗin gwamnati kada ma ya nema.

Tsohuwa mai jinyar mijinta, idan fanshonta na gwamnati ya fi alawus ɗin, ba za a haɗa mata biyu ba. Duk da haka ta nema, don yana iya ƙara mata tallafin masu ƙaramin fansho.

Yara su ne abin tausayi. Ɗan ƙasa da 16 ba shi da alawus, haka ɗalibin da karatunsa ya kai awa 21 a mako, alhali su ke tafinta da ba da magani. Ƙaramar hukuma wajibinta ne ta duba halinsu, sai dai iyaye kan ɓoye don tsoron a raba su da 'ya'yansu.

Namu na al'umma kuwa, a WhatsApp ake raba kwana: wannan ta kawo tuwo, wancan ya kai asibiti, maza su yi karo-karo bayan Juma'a. Dubiya ma sai an sa lokaci, don gidajen ƙanana ne. Dare ne mai wuya. Shi ake roƙon nas ɗin unguwa ta nemo ma'aikatan Marie Curie, ƙungiyar agaji ta masu ciwon ajali, su kwana, mai jinya ya runtsa. Bayan rasuwa alawus ɗin kan ci gaba har mako 8.